Gam a kan gwiwa yana da amfani, amma ba shi ke riƙe rauni ba

Mai jiran a yi masa tiyatar sauya gwiwa yakan yi tambaya a kan ƙarfen da za a sa masa, da allurar kashe zafi, da ranar da zai fara taka ƙasa. Da wuya ka ji ya tambayi yadda za a rufe fatar bayan an gama. Alhali wannan tsagar ta gaban gwiwa, mai tsawon santimita 15 zuwa 20 a mafi yawan lokuta, ita ce ƙofar da ƙwayoyin cuta za su bi su kai ga ƙarfen idan ba ta rufu da kyau ba. A 'yan shekarun nan likitoci da yawa sun koma shafa gam na musamman a kan tsagar, maimakon 'yan ƙarafan da ake maƙale fata da su. Ina ganin ci gaba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba majiyyata labarinsa kamar ya kawo ƙarshen ɗinki, kuma ba a cika faɗa musu illar da yake iya jawowa ba.

Gam ɗin ɗan gida ɗaya ne da wanda ake liƙe fasasshen abu da shi. Masanin sinadarai Harry Coover na Amurka ne ya gano amfaninsa, kamfanin Eastman Kodak kuma ya fara sayar da shi a 1958. A yaƙin Biyetnam an riƙa fesa irinsa a kan raunin sojoji don tsayar da jini kafin a kai su asibiti. Matsalar nau'in farko ita ce yana da tauri, yana tsagewa, kuma idan ya fara rugujewa yana sakin sinadarin da ke ƙona nama. Sai aka yi ta gyara shi har aka samu wanda ke lanƙwasawa tare da fata kuma yake rugujewa a hankali. Shi ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998 da sunan Dermabond. Daga baya aka fito da Prineo, wanda ake fara shimfiɗa siririyar raga a kan tsagar sannan a shafa gam a samanta. Da ya taɓa danshin fata yake daskarewa cikin 'yan mintuna, ya zama wata fata ta wucin gadi da ke saɓulewa da kanta bayan kwana biyar zuwa goma. Ragar kuwa ana ɓare ta bayan mako ɗaya zuwa biyu.

Amfaninsa a bayyane yake. Babu ramukan da ƙarafa ke hudawa a gefe da gefen rauni, babu zaman cire su bayan mako biyu, wanda tsofaffi da yawa suke jin tsoronsa fiye da kima. Majiyyaci na iya watsa ruwa da wuri idan likitansa ya yarda. Tabon ma yakan fi kyan gani. Mafi girman amfanin shi ne yana toshe tsagar daga waje a kwanakin farko, lokacin da fatar ba ta haɗe ba.

To amma gwiwa ba goshi ba ce. Tsaga a goshi tana zaune wuri ɗaya har ta warke. Gwiwa kuwa, tun ranar tiyata ko washegari ake tayar da majiyyaci, masu motsa gaɓoɓi su fara lanƙwasa ta, domin idan aka bar ta a miƙe za ta sandare. Ana so cikin 'yan kwanaki ta lanƙwasu har mutum ya iya zama a kujera. Kowane lanƙwasawa yana ja da fatar da ke kan ƙoƙon gwiwa, daidai inda tsagar take, ga kuma kumburin da ke tura ta daga ciki. A kan wannan kuma ana ba majiyyaci maganin tsinka jini don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, maganin da ke sa rauni ya riƙa tsatsafo. Gam shi kaɗai ba zai iya da wannan ja-in-ja ba. Nazarin da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta sabunta a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a tiyata iri-iri, ya nuna raunin da aka rufe da gam ya fi saurin buɗewa a kan wanda aka ɗinke da zare.

Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya barin ɗinki. Yakan ɗinke jakar gaɓar da zare mai ƙarfi, ya ɗinke kitsen da ke ƙarƙashin fata, ya bi ta cikin fatar da siririn zaren da jiki ke narkarwa, sannan ya shafa gam a sama. Majiyyaci ya farka bai ga zare ba, sai ya ce ai ba a yi masa ɗinki ba. An yi, hawa uku ma, a ɓoye yake. Gam ɗin kamar yaɓe ne a kan katanga: yana hana ruwa shiga, amma tubalin da ke ciki ne ke ɗauke da nauyi. Idan ɗinkin ciki ya yi sako-sako, ko gefunan fatar ba su haɗu daidai ba, babu gam ɗin da zai gyara. Idan ma ya zurara cikin tsagar, sai ya shiga tsakanin naman da ake so ya haɗe, ya jinkirta warkewa.

Abin da ya sa na nace a kan wannan shi ne abin da ke biyo baya idan rauni ya ƙi bushewa. Kusan mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na waɗanda aka sauya wa gwiwa suna gamuwa da ƙwayoyin cuta a jikin ƙarfen. Adadin kaɗan ne, amma wanda ya faɗa ciki ya shiga uku. Ƙwayoyin suna manne wa ƙarfe su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa da sauƙi. Sau da yawa sai an koma ɗakin tiyata an cire ƙarfen, an sa wani siminti na musamman mai ɗauke da magani, an yi makonni ana allurai, kafin a sake dasa wani. Raunin da ya daɗe yana zubar da ruwa yana daga cikin manyan hanyoyin shiga wannan hali. Don haka duk abin da ya shafi rufe fata a nan ba zancen kwalliya ba ne.

Sai batun da na fi jin ana yi wa majiyyata ƙwauronsa. Wasu jikinsu ba ya jituwa da gam ɗin. Bayan 'yan kwanaki, wani lokaci har mako biyu, sai wurin ya yi ja, ya kama ƙaiƙayi mai tsanani, ƙuraje da bororo su fito, sau da yawa daidai da siffar ragar da aka shimfiɗa. An sha ba da rahoton haka bayan tiyatar gwiwa a mujallun likitoci. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya taɓa haɗuwa da sinadarin, kamar wanda aka yi wa gwiwa ɗaya da gam ya dawo don ta biyu, ko mai yawan sa farcen roba ko gashin ido na liƙawa, domin gam ɗinsu dangi ne. Illar kashi biyu ce. Fatar da ta saɓule a kan sabon ƙarfe ta zama ƙofa a buɗe. Sannan jan wurin yana kama da na ƙwayoyin cuta, sai a ɗora mutum a kan magungunan da ba ya buƙata, alhali abin da ya dace shi ne a cire ragar da gam ɗin, a yi maganin ƙaiƙayin. Tambaya ɗaya kafin tiyata, ko filasta ko gam ya taɓa fitar maka da ƙuraje, tana iya rage wannan wahala. Ban ga dalilin da zai sa a tambayi mutum ko jikinsa na ƙin wani magani, a manta da abin da zai kwana mako biyu a manne da fatarsa ba.

Masu goyon bayan ƙarafa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun fi saurin sawa, sun fi araha, kuma idan ruwa ya taru a ƙarƙashi ana iya cire biyu ko uku ya fita. Ga mai fata sirara saboda tsufa ko daɗewar shan maganin kumburi, ga mai ciwon sukari ko ƙiba mai yawa, ga gwiwar da aka taɓa tsagawa a baya, likita na iya ganin ƙarafa ko zaren waje sun fi aminci, kuma bai kamata majiyyaci ya ɗauka an yi masa aikin da ba na zamani ba.

Wanda aka sallama da gam a gwiwa ya kamata ya bar asibiti da bayani a rubuce. Kada ya ɓare shi ko ya sosa. Kada ya shafa masa mai, musamman irin Vaseline, domin yana narkar da shi kafin lokaci. Kada ya jiƙa ƙafar cikin ruwa ko ya cuɗa wurin. Idan kuma ya ga ruwa na ci gaba da fita bayan kwanakin farko, ko bakin tsagar ya buɗe, ko ƙaiƙayi da ƙuraje sun bayyana, ko zazzaɓi ya zo, ya koma wurin waɗanda suka yi masa aikin a ranar, kada ya jira ranar da aka rubuta masa a kati.