Babur mai lantarki: man da ake biya tun ranar saye

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai yana kallon lambobin famfo suna gudu, ya raya a ransa cewa da babur mai lantarki gare shi da ya huta. Akwai gaskiya a ciki, amma da sauranta.

Mu ɗauki ma'aikacin da ke cin kilomita 30 kullum, zuwa da dawowa, kwana 300 a shekara. Kilomita 9,000 ke nan. Ƙaramin babur mai injin 125cc kan sha lita biyu zuwa biyu da rabi a kilomita 100, wato wajen lita 200 a shekara. Takwaransa mai lantarki kuwa yunit uku zuwa huɗu na wuta ya ishe shi wannan nisa, jimla ba za ta wuce yunit 360 ba. Kowa ya buga da farashin da yake biya, zai ga tazarar da idonsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan ƙarfin fetur a zafi yake tafiya (wanda salansa ta taɓa ƙona wa ƙafa ya san haka), abin da ke isa taya da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin huɗu. Injin lantarki kuwa yana mayar da sama da kashi 80 cikin 100 tafiya. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kafireto. Taya da birki dai suna nan daram.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Batir shi ne kayan da ya fi tsada a jikin babur ɗin, kuma ƙarewa yake yi kamar mai, illa dai a hankali. Tun daga 2010 farashin batirin lithium ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, duk da haka ranar da za ka canza shi aljihu zai ji a jikinsa. Batirin dalma, wanda ake saka wa babura masu araha, cajinsa 'yan ɗaruruwa ne ya gaji. Na lithium nau'in LFP (wanda ake haɗa lithium da ƙarfe da fosfet a cikinsa) kan haura caji 2,000. Zafi yana rage musu kwana, barinsu babu caji ma haka. A ganina, wanda bai raba kuɗin batir a kan kilomitocin da zai yi ba, bai fara lissafi ba tukuna.

Shi ya sa kamfanin Gogoro na Taiwan ya fito da tashoshin musayar batir a 2015: ka ajiye wanda ya ƙare, ka ɗauki cikakke, ka biya kuɗin wata. Batirin ba naka ba ne, tsufansa ma ba naka ba ne.

Mai doguwar tafiya kullum, wanda ke da wutar da zai dogara da ita cikin dare, shi ne zai fanshe kuɗinsa, ya ci riba. Wanda kuwa babur ɗinsa ke kwana uku a jingine ƙarƙashin tampol, man da zai rage bai taka kara ya karya ba, batirin kuma yana can yana tsufa ko an hau ko ba a hau ba.