Ku daina cewa zinariya ce ta kai Dakta Wierzbicki Kalifoniya

Wallahi abin ya ɓata min rai. Mutum ya shigo ƙarƙashin rubutun da aka yi kan Dakta Felix Wierzbicki, likita ɗan asalin ƙasar Poland, ya ce wai shi ma ɗan ci-rani ne, kwaɗayin zinariya ya kai shi Amurka. Haba malam! Ka duba shekarun mana kafin ka yanke wa mamaci hukunci.

Korar sa aka yi. Yana ɗan shekara 15 ya shiga boren da 'yan Poland suka yi wa Rasha a 1830. Da aka murƙushe su, waɗanda suka tsallaka ƙasar Austiriya aka tsare su, daga baya aka loda su a jiragen ruwa daga tashar birnin Trieste. Mutum 234 aka sauke a New York a 1834, ba harshe, ba dangi, ba sisi. Majalisar Amurka ta yi musu alkawarin fili a Illinois, filin bai taɓa shiga hannunsu ba. Yaron nan a haka ya koyi Turanci, ya karanci likitanci, har ya fara duba marasa lafiya. Wannan ne mai kwaɗayi?

To ga inda maganarka ta rushe gaba ɗaya. Ya bi rundunar sojan Amurka ta Kanar Stevenson a 1846, lokacin yaƙin Amurka da Meziko, yana aikin jinyar sojoji, watanni suna cikin teku sai da suka zagaya ƙarshen Kudancin Amurka, suka isa Kalifoniya a 1847. Zinariya kuwa sai Janairun 1848 aka gano ta. Ta yaya mutum zai bi abin da ba a ma san da shi ba?

Na san za a ce ai yaƙin da ya shiga na ƙwace yankunan ƙasar Meziko ne. Gaskiya ne, kuma ba na wanke yaƙin. Amma wannan wata magana ce daban, ba ita ka faɗa ba. Za kuma a ce ai daga baya ya je wuraren haƙar. Ya je, ƙwarai. Da ya dawo me ya fito da shi? Littafi ya rubuta a 1849, ɗaya daga cikin na farko da aka buga da Turanci a San Francisco, yana gaya wa masu tururuwar zuwa gaskiyar abin da za su tarar, har da batun lafiyarsu.

Ya rasu a 1860 yana da shekara 45, bai sake ganin gida ba. Ƙasar tasa ma ba ta dawo kan taswira ba sai 1918. Korarre ne, ku kira shi da abin da ya same shi.