Ba sai kana da ƙungiya za ka je Roumdé Adjia ba

Jama'a, akwai wata magana da na gaji da ji a majalisun Garwa, nan arewacin Kamaru. Ka ce wa mutum ya zo mu je Roumdé Adjia, babban filin wasan garin nan, kallon ƙwallo, sai ya ce maka, "Ni ai ba na goyon bayan kowa a gasar Kamaru, me zan je yi?" Mutumin nan kuwa shi ne zai zauna a gidan kallo har ƙarfe goma sha ɗayan dare, gumi na tsiyaya, yana zagin wani saboda Real Madrid ko Barcelona, garuruwan da ko kakansa bai taɓa takawa ba. A ganina uzurin nasa shi ne ma babban dalilin da ya kamata ya sa ya je. Ɗan ba-ruwanmu ya fi kowa morar kuɗin tikitinsa.

Ni kaina ba na cikin magoya bayan Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, kuma ba na adawa da ita. Ina dai girmama tarihinta, don duk wanda ya san ƙwallon ƙasar nan ya san da can galibi kofi tsakanin Yawunde da Duwala yake yawo, wajen ƙungiyoyi irin su Canon da Tonnerre da Union. Ƙungiyar da kamfanin auduga na Sodecoton ya riƙe, wadda aka kafa a 1986, ita ta juyo da akalar zuwa Arewa. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa karon farko a 1997, daga nan ta ci gaba da ɗauka har ya haura sau 15. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Al Ahly ta doke ta 2-0 a Alƙahira, aka zo nan Garwa aka tashi 2-2. Wannan duk na sani, amma idan an zura mata ƙwallo abincina ba ya fita raina. Shi ya sa nake ganin abin da masoyanta ba sa gani.

Mai goyon baya ƙwallo kawai yake bi da ido, zuciyarsa na dukan uku-uku. In alƙalin wasa ya busa a kan ƙungiyarsa, an saye shi. In ya busa mata, yau ya ji tsoron Allah. Kai da ba ka da kowa, idonka yana da 'yancin yawo. Za ka iya ƙyale ƙwallon gaba ɗaya ka ɗauki minti goma kana kallon ɗan baya guda, yadda yake daka wa abokansa tsawa su matso, yadda yake ɗaga hannu neman satar gida tun kafin a bugo. Za ka ga ɗan gaban da ke ta gudu babu ƙwallo, yana janye mutum biyu don wani ya samu sarari, aikin da talabijin ba ta nunawa, gobe kuma ba wanda zai ambaci sunansa a teburin mai shayi. Za ka ji ƙarar takalmi a jikin ƙwallo, wani "tum" mai nauyi da ba ya fitowa a lasifika. Kuma idan baƙi suka yi wani kyakkyawan wasa, kana iya tafa musu ba tare da ka ji kamar ka ci amanar kowa ba. Ka dai duba waɗanda ke gefenka kafin ka tafa da ƙarfi.

Rabin daɗin ma ba a cikin fili yake ba. Tun daga bakin titi masu moto ke sauke mutane, hayaƙin masu tsire na tashi, yara na ratsa jama'a da folere, wato zoɓo, mai sanyi a ƙulle cikin leda. A kan benci harshe uku ake zubawa lokaci guda: a zagi alƙali da Faransanci, a yi sharhi da Fulatanci, a ƙulla ciniki da Hausa. Akwai wani dattijo da na taɓa zama kusa da shi, hularsa ta sha jiki, ƙaramar rediyo manne a kunnensa, yana sauraren labarin wasan da yake kallo da idonsa. Na ce, "Baba, ai ga shi a gabanka." Ya ce, "Ɗana, so nake na ji ko mai rediyon ƙarya yake yi." Da aka tafi hutun rabin lokaci ya tambaye ni wa nake so. Na ce babu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini ɓarin goro ya ce, "To kai ne za ka gaya mini gaskiya, wancan bugun fenariti ne ko ba shi ba ne?" Na ce ba shi ba ne. Bai sake yi mini magana ba sai da aka kusa tashi.

Wanda ke cewa ba a kallon wasan da ba naka ba, ya manta watan Janairun 2022. A gasar cin kofin Afirka Kamaru ba ta buga ko wasa ɗaya a Garwa ba. Rukunin da aka kawo mana na Najeriya ne da Masar da Sudan da Gini Bisau. Amma wa ya zauna a gida? Filin nan da aka gina a 1978, aka sabunta shi ya koma mai ɗaukar mutum 30,000, muka ga Mohamed Salah a cikinsa da idonmu, muka ga Iheanacho na Najeriya ya ci Masar ƙwallo ɗaya tilo. 'Yan'uwa suka kwararo daga Yola da Mubi, garin ya ɗinke da kore da fari. Ranar 23 ga wata Msakni na Tunisiya ya fitar da Najeriya, aka ba Iwobi jan kati, mutanen da ba su da fasfon Najeriya suka koma gida jiki a sanyaye. Bayan kwana kaɗan Burkina Faso ta zo ta fitar da Tunisiyar, aka yi ta murna kamar an rama mana. A nan na gane cewa ba-ruwanmu ba ya nufin zuciya ba ta motsi. Kana shiga ba ka da kowa, kafin minti ashirin wani yaro mai lamba bakwai ya burge ka, ka ara masa zuciyarka zuwa tashi, ka karɓi abarka a bakin ƙofa.

Za a ce wancan gasar Afirka ce, wasan gida kuma ba shi da armashi. Ban musa duka ba. Akwai ranar da za ka sha rana a banza, a yi ta dogon bugu sama kamar ana korar tsuntsaye a gonar gero, a tashi canjaras babu ci. Zafin Maris da Afrilu a garin nan kuwa ba ya bukatar bayani. Sai dai ku tuna Vincent Aboubakar, ɗan wasan gaban Kamaru, a nan aka haife shi, a Coton ya taso, kafin ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010 yana ɗan shekara 18. Waɗanda suka kalle shi a lokacin da ɗan canjin aljihunsu sun riga duniya ganin mutumin da ya ci Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017, ya ci ƙwallo 8 a gasar da muka karɓi baƙunci, ya kuma ci Brazil a gasar kofin duniya a Qatar har ya tuɓe riga aka kore shi. Yau muna biyan kuɗin gidan kallo mu ga irinsu bayan sun tsallaka teku, alhali lokacin da suke bayan gidanmu ba mu leƙa ba. Garin da ya haifi Issa Hayatou, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 zuwa 2017, bai kamata a ce kujerun filinsa na shan ƙura ranar wasa ba.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi: ƙofa. Abin da ya faru a filin wasa na Olembe da ke Yawunde ranar 24 ga Janairun 2022, inda turmutsutsu ya kashe mutum 8, ya isa darasi. In babban wasa ne ka je da wuri, kada ka bi tururuwar masu son shiga bayan an busa, in kana da yaro ka riƙe hannunsa, a tashi kuma ka bari a rage kafin ka sauko. Ka ɗauki hula da canji, ka nemi wurin zama ta tsakiya inda za ka ga ragar biyu, nesa da masu ganga idan kunnenka ba ya son hayaniya. Rigar Madrid ɗinka kuma ba wanda zai hana ka sawa, don rabin benci ma ita suke sanye da ita.