Ku Daina Ɗora Wa Tsawa Laifinku

Na gaji da jin "ai tsawa ce". An ɗauke wuta, tsawa ce. Taransifoma ta ƙone, tsawa ce. Firji da talabijin da fanka sun mutu a dare ɗaya, tsawa ce. Ruwa ya shiga ɗakunan mutane ya jiƙa katifa da takardun makarantar yara, sai a taɓe baki a ce ruwan bana ne ya yi yawa. To bara ma haka aka ce, bara waccan ma haka. Damina ba ta taɓa zuwa babu sallama ba. Kowa ya san watan da take sauka, kowa ya san da iska da tsawa take tafe, kuma waɗanda ake biya albashi domin su shirya mata sun fi kowa sani. Amma kullum an bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fara da masu wuta, domin su ne suka fi ƙona mini rai. Tun hadari bai gama haɗuwa ba, iska ta ɗan kaɗa, sai ƙif, unguwa ta yi duhu. Na yarda wani lokaci akwai dalili. Idan wayoyi sun saki suna lilo, iska tana haɗa su su yi tartsatsi, ko reshen bishiya ya karye ya faɗo a kansu, kuma gara a kashe layin da a bar waya mai wuta kwance cikin ruwa yara suna wucewa. To amma wa ya bar wayoyin suka saki? Wa ya kamata ya ɗaure su, ya sare rassan, ya miƙe turakun da suka karkace, tun da rani lokacin da ƙasa ke bushe? Ba a ga kowa ba. Da rani masu yanke wuta kawai muke gani, da tsaninsu da filayarsu.

A makon da taransifomarmu ta ƙone na je na tsaya a gabanta na ƙare mata kallo. Duk taransifomar da aka kafa yadda ya kamata, a gefen da manyan wayoyi ke shigowa akwai wasu na'urori guda uku masu kama da dogayen kwalabe, ɗaya a kan kowace waya. Aikinsu ɗaya ne: idan tsawa ta turo wuta mai ƙarfi ta cikin waya, su karkatar da ita zuwa ƙasa ta wata wayar tagulla da aka binne, kafin ta isa cikin taransifomar. A tamu, ɗaya ta tsage ta yi baƙi ƙirin, kuma tsatsar da ke jikinta ta nuna ba a wannan ruwan ta tsage ba. Wayar da ya kamata ta sauka ƙasa kuwa an datse ta daidai inda hannun mutum ke kaiwa, ɓarayin tagulla sun yi gaba da ita, sai guntu yana reto a iska. Mai ya zubo ya yi baƙi a kan siminti, ciyawa ta rufe shingen. Ke nan wutar tsawar ta zo ta nemi hanyar ƙasa ta rasa, ta bi ta inda ta samu, wato cikin taransifomar da wayoyin gidajenmu. Wannan shi ne abin da ake kira mana "ikon Allah". Ikon Allah gaskiya ne, ba mai ja. Amma wayar nan hannun mutum ne ya yanke ta, kuma hannun mutum ne ya ƙi mayar da ita.

Tsawa ba abin wasa ba ce, shi ya sa sakacin ya fi ciwo. Iskar da walƙiya ta ratsa takan yi zafin da ya kai kusan digiri 30,000 a ma'aunin Selshiyos, wajen ninki biyar na zafin fuskar rana, kuma wannan buɗewar da iska ke yi farat ɗaya ita ce ƙarar da muke ji. Ba sai ta faɗo a kan gidanka za ta yi maka ɓarna ba. Ta sauka a kan layi can nesa, ko kusa da shi ma kawai, ƙarfin ya biyo waya ya shigo ta soket ya cinye duk abin da ke jone. Kashe makunni ba ya hana shi, sai an zare filogi gaba ɗaya. Ni na sani, ina zarewa idan ina gida. Wanda ruwa ya tsare a wurin aiki fa, ya dawo ya tarar da firjinsa yana warin ƙonanniyar roba, wa zai biya shi?

Ba wanda zai biya. Ka kira lambar da suka rubuta a takarda, ta yi ta ƙara har ta gaji. Ka je ofis, a ce "mun rubuta, muna jiran sama". A ƙarshe wani ya zo a kaikaice ya ce idan kuna so a yi sauri sai unguwa ta yi karo-karo. Mu sayi taransifoma da kuɗinmu, ta zama tasu, su kafa ta a gurbin waccan ba tare da sun gyara abin da ya kashe waccan ba. Takardar kuɗin wuta kuwa tsawa ba ta taɓa samunta ba. Ranar da ta saba zuwa ta zo, cif-cif, har da kwanakin da muka yi muna haska ɗaki da fitilar waya.

Abin takaicin, maganin nan tsoho ne tukuf. Tun 1752 Benjamin Franklin a Amurka ya nuna cewa walƙiya wutar lantarki ce, kuma daga aikinsa aka samu sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙololuwar gini a haɗa ta da ƙasa. Sama da shekara 270 ke nan. Dogon benen nan na Empire State a birnin New York tsawa tana faɗa masa wajen sau 20 a shekara, mutane na ciki suna aikinsu. To me ya sa mutum zai ɗora bene hawa uku, ya kafa tankin ruwa a kan doguwar hasumiyar ƙarfe, ya kashe kuɗi a kan tayil da fenti mai ƙyalli, amma sanda ɗaya da wayar tagulla su gagare shi? Kuma jami'in da ya sa hannu a takardar ginin, me ya duba? Tun ran gini ran zane. Makarantu sun fi tayar mini da hankali: dogon gini a fili fetal, rufin kwano, yara cike da aji. A ranar 28 ga Yuni, 2011, tsawa ta faɗa wa makarantar firamare ta Runyanya a Yuganda ta kashe yara 18, har aka mayar da ranar ta zama ta tunawa da kariya daga tsawa a duniya. Ku je ku ɗaga kai a makarantar da yaranku suke, ku gani ko akwai sanda a rufin. Idan akwai, ku bi wayar da ido ku gani ko ta isa ƙasa.

Mai gidan da nake haya kuwa, magana biyu ta ishe shi. Kwanon ya ci tsatsa, ƙusoshin sun saki, silin ya kumbura yana ɗiga a kan gado. Kullum amsarsa "bari damina ta wuce". Idan ta wuce, "ai yanzu ba ya yoyo".

Sai lambatu. Nan kam laifin ya rabu biyu, kuma ba zan ɓoye rabon maƙwabta ba. Lissafin ruwa ba shi da wuya: milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50, wanda ruwa mai ƙarfi ke iya saukewa cikin awa ɗaya ko biyu, lita 5,000 ya zubar. Gida ɗaya ke nan. Kowa kuma ya shafe tsakar gidansa da siminti, ƙasar da za ta sha ruwan babu ita, duk an turo shi titi, cikin lambatun da aka haƙa tun unguwar tana da rabin gidajen da take da su yanzu. Lambatun nan cike yake da yashi da leda da robobin ruwa. Idan aka ga dama aka zo yasa, sai a tsamo dattin a jibge shi a bakin lambatun a tafi, wai mota za ta zo ta kwashe. Motar ba ta zuwa. Ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi, an biya ɗan kwangila, shi ke nan.

Da idona na ga wata baiwar Allah, ana tsaka da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta fito da lema a hannu ɗaya da kwandon shara a ɗaya, ta juye shi cikin lambatu mai gudu, ta kakkaɓe kwandon ta koma ciki. A ganinta ta rabu da shara. Sharar ta tafi ta toshe kwalbatin da ke ƙasan layi, ruwan ya dawo da baya ya shiga gidan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Wani kuma ya ɗora shago a kan hanyar ruwa, ba wanda ya ce masa uffan. Ga murafan ramuka da aka sace ba a mayar ba, ruwa ya rufe su ba ka ganin komai. Mutane suna raina ruwa mai gudu, alhali wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 60 kuwa yana tafiya da mota. Yaro ɗan firamare da ke dawowa daga makaranta fa?

Masu hasashen yanayi ma ba su tsira ba. "Ana sa ran ruwa a wasu sassa." Waɗanne sassa? Da wane lokaci? Kamfanonin waya suna iya turo mini tallan da ban nema ba tsakar dare, amma saƙo ɗaya na cewa hadari mai tsawa na tafe cikin awa guda ya gagara. Kuma abubuwan da ya kamata kowane yaro ya haddace ba a koyar da su. Ƙara tana tafiyar kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, saboda haka idan ka ga walƙiya ka ƙirga tara kafin ka ji ƙarar, kilomita uku ne tsakaninku, kuma hakan kusa ne ƙwarai. Muddin kana jin tsawa, tana iya samunka. A shiga gini na sosai ko mota mai rufin ƙarfe, a dakata minti 30 bayan ƙarar ƙarshe. Gindin bishiya, inda kowa ke rugawa ya fake, yana cikin wurare mafi haɗari, domin wutar tana tsallakowa daga jikin bishiyar, tana kuma bazuwa ta ƙasa. Ta ƙasan ne ta kashe dabbobin dawa sama da 300 a lokaci ɗaya a Norway a watan Agustan 2016. Wanda tsawa ta faɗa wa kuma ba ya riƙe wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi nan take a danna ƙirjinsa a taimaki numfashinsa, amma sai ka ga an zagaye shi ana kallo don tsoro, mintunan da za a cece shi suna wucewa. Waɗannan ba su fi minti biyu a rediyo ba.

Jiya aka kawo mini takardar karo-karon taransifoma, sunana na ciki, an bar gurbin sa hannu. Na gaya wa mai tattarawa, kuma ina maimaitawa a nan: ko sisi ba zan bayar ba sai ma'aikatan sun zo sun sauya na'urorin nan uku, sun mayar da wayar ƙasa, sun auna ta a gaban mutanen unguwa. Ya ce zan jawo a daɗe cikin duhu. Na ce masa ya rubuta a gaban sunana cewa na ƙi, ya kuma rubuta dalilin.