Adireshi a nan, kwatance a gida

A nan Berlin idan ka tambayi mutum gidansu, sunan titi zai ba ka da lambar gida da lambar unguwa mai alƙaluma biyar, ya yi shiru. A Zariya kuwa sai a ce ka wuce masallaci, ka sha kwana wajen mai shayi, gida na uku mai jan ƙyaure. Na daɗe ina ɗaukan namu a matsayin koma baya. Aikin da nake cin abinci da shi ne ya sauya mini tunani.

Aikina shi ne haɗa manhajar da ke nemo takardu a cikin rumbun kwamfuta, kuma Lucene muke amfani da ita. Doug Cutting ne ya rubuta ta a 1999, ta koma hannun gidauniyar Apache a 2001, kuma a kanta aka gina manhajojin nema Solr da Elasticsearch. Dabararta mai sauƙi ce: ta daddatsa rubutu kalma-kalma, ta ajiye kowace kalma da jerin takardun da ta fito a ciki. Rigimar tana farawa ne idan abin da ka ba ta ba jimla ba ce, hanyar fayil ce, wato jerin jakunkunan da ake bi kafin a iso ga takarda.

Ka ɗauki /ofis/2023/rahoton_kudi.pdf. In ka miƙa wa StandardAnalyzer, ɗaya daga cikin masu daddatsa rubutu na Lucene, zai yanka a wurin karkatacciyar sandar nan (/), amma ba zai yanka a ƙaramin layin ƙasa (_) ba, haka nan ɗigon da ke tsakanin haruffa. Sai rahoton_kudi.pdf ya zauna dunƙule guda. Mai nema ya rubuta "kudi", allo ya ce babu, alhali ga takardar nan a zaune. In ka ce to a ajiye hanyar sukutum da KeywordAnalyzer, sai wanda ya haddace ta harafi da harafi ne zai same ta. Akwai na uku, PathHierarchyTokenizer, mai fitar da /ofis, da /ofis/2023, da cikakkiyar hanyar, don a iya cewa a kawo duk abin da ke ƙarƙashin jaka kaza. Abokan aikina wannan suke so, kuma yana yi musu aiki, domin Bajamushe zai sa wa fayil shekara da wata da rana a gaba, ya jefa shi jakar da aka tanada masa tun kafin a haife shi.

Sai bara yayana, mai shagon buga takardu a Sabon Gari, ya turo mini jerin sunayen fayilolin kwamfutarsa. Ya ce, "Ƙanena, tunda aikinka ke nan, yi mini maganin wannan, kwastoma ya tsaya a kaina ni kuma ina lalube." Na buɗe na ga abu irin "Sabuwar jaka (3)\Alhaji gona\takardar kudi gyara na karshe2.docx". Na yi dariya, sannan na daina. Yayana bai san hanyar fayil ko ɗaya ba, amma ya san na Alhaji mai gona ne, ya san maganar kuɗi ce. Kwatance yake yi. Tsarin abokan aikina bai tsinana masa komai ba sai da na ajiye kowace hanya sau biyu: ɗaya sukutum don gane fayil da gogewa, ɗaya a daddatse har layin ƙasa da ɗigo, haruffa duk an mai da su ƙanana, sandar Windows mai kallon baya (\) an juya ta ta zama irin ta Linux (/).

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne haruffa. Jamusanci yana da nasa mai tacewa a cikin Lucene, wanda ke sa ä da ae su haɗu wuri guda. Larabci na da nasa, Farisanci da Hindi haka, har da Kurdancin Sorani. Hausa babu. Mu kuwa kalma ɗaya mukan rubuta ta iri uku: kuɗi, kudi, ku'di. A Nijar ana rubuta ƴan, a Najeriya 'yan, mai gaggawa ya rubuta yan. Dabarar da aka saba da ita ta cire wa é alamarta ta sama ba ta taɓa ƙ da ɗ da ɓ, saboda a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, ƙugiyar ba ƙari ba ce, jikin harafin ce. Wani mai tacewa, ASCIIFoldingFilter, ne ya fitar da ni, shi yana mai da ƙ k, ɗ d, ɓ b, ƴ y. Amma kyautar da ƙaya a jikinta: ƙasa da kasa sun zama ɗaya, ƙare ya zama kare. Dole na kunna zaɓin da ke ajiye asalin kalmar tare da wadda aka goge, don mai rubuta ƙugiya ya samu nasa a saman jerin abin da nema ya kawo.

Wani abokin aikina ya ce da mutanenmu sun koyi sa wa fayil suna da kyau, da duk wannan wahala ba ta taso ba. Ban yarda ba. Yayana yana buga takarda ga mutum biyar a kansa, wuta na iya ɗaukewa kowane lokaci. Ba shi da sukunin zama ya tsara jakunkuna. Kuma shi mai maganar, na sha ganinsa ranar Litinin yana rubuta guntun suna a akwatin nema, ya manta jakar da ya ajiye abu ranar Juma'a.

Makon jiya yayana ya kira. Ya ce nema yana aiki, sai dai ya rubuta "Alhaji" fayiloli sun cika masa allo har ya gaji da gangarawa.