Songkran: Wanda Ya Sayi Rariya Ya San Za Ta Zubar Da Ruwa

A tsakiyar watan Afrilu, cikin gidaje da yawa na ƙasar Tailan, jika yakan durƙusa gaban kakarsa riƙe da ɗan kwano. Ruwa ne a ciki, an jiƙa furen yasmin, an ɗiga turare. Zai tsiyaya mata kaɗan a tafin hannu, ya nemi gafarar abin da ya ɓata mata a shekarar da ta wuce, ita kuma ta shafa masa kai ta sa masa albarka. A wannan ranar dai, in ka leƙa titin Silom ko titin Khao San a birnin Bankok, wata duniya ce daban: dubban mutane sun cushe, kowa da bindigar ruwa ta roba mai tsawon damtse, kiɗa na tashi kamar zai tsaga ƙirji, ga wani ƙato ba riga ya ɗebo ruwan ƙanƙara a bokiti ya sheƙa wa mai babur a fuska. Da na gidan da na titin duk sunansu ɗaya, Songkran.

Bikin sabuwar shekara ne na gargajiyar mutanen Tailan, ana yin sa daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani a ƙasar. Sunan ya samo asali daga harshen Sanskrit na tsohuwar Indiya, yana nufin ƙaurar rana daga wani buruji zuwa wani. Tun 1941 gwamnati ta mayar da farkon shekara 1 ga Janairu, amma a zuciyar talaka shekara ba ta juyawa sai an yi Songkran. A cikinsa ake share gida, a kai wa sufayen addinin Buda abinci, a yayyafa wa mutum-mutumin Buda ruwa, a saki kifi da tsuntsaye. Har yashi ake ɗebowa a kai gidajen ibada a gina 'yan tuddai, wai don a mayar da ƙurar da ƙafafun masu ziyara suka kwashe cikin shekara. Ranar 13 ita ce ranar tsofaffi a hukumance, 14 kuma ranar iyali, shi ya sa Bankok kan yashe, miliyoyin ma'aikata su kama hanyar garuruwansu. Wannan fuskar bikin ce hukumar UNESCO ta duba a Disambar 2023 ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Kowace shekara kuma, ruwa bai gama bushewa a titi ba, ƙorafi zai tashi: baƙi sun ɓata bikin. Farang, kamar yadda mutanen ƙasar ke kiran Turawa, sun zo sun mayar da ibada wasan banza. Ban ce ƙorafin ba shi da tushe ba. Akwai dokokin da ba a rubuta ba waɗanda duk ɗan ƙasa ya tashi da su: ba a jiƙa sufi, ba a jiƙa jariri ko mai ciki ko tsoho, ba a harba wa mutum ruwa a ido, in rana ta faɗi an tashi daga wasa. Kai kuwa abu ne mai daraja a al'adarsu, ba a taɓa na wani haka kawai. Baƙon da ya sauka jiya, ya sha giya tun hantsi, bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wani ma an faɗa masa ya yi kunnen ƙashi. Wanda zai tsaya a bakin titi a garuruwan shaƙatawa na bakin teku irin su Pattaya ko Patong ya feshe matar da ta fito cikin kayan aiki tana roƙonsa da hannu ya bari, ba rashin sani ke damunsa ba, rashin mutunci ne, kuma a garinsu ba zai yi ba.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya kira baƙon nan, kuma da wane hoto aka kira shi?

A 2019 kusan baƙi miliyan 40 ne suka shiga Tailan. Annobar korona ta zo ta tsayar da komai, aka soke bikin a 2020, aka hana watsa ruwa a 2021 da 2022, otal-otal suka rufe, masu sana'ar bakin titi suka ga tasku. Da aka buɗe, gwamnati ta shiga neman baƙi ido rufe. Watanni huɗu bayan shaidar UNESCO, gwamnatin Firaminista Srettha Thavisin ta shirya gagarumin taro a filin Sanam Luang da ke gaban tsohuwar fadar sarki, ta raɗa masa suna bikin ruwa na duniya, ta kuma shimfiɗa shagulgula a sassan ƙasar daga 1 zuwa 21 ga Afrilun 2024. A lura da sunan. Ba a ce bikin girmama tsofaffi na duniya ba, ba a ce bikin sabuwar shekara ba. Ruwa aka sayar. An karɓi lambar yabo saboda kwanon jika da hannun kaka, aka ɗauki lambar aka liƙa a jikin bindigar roba. Saurayin da ya biya kuɗin jirgi daga Ingila ko Ostireliya ko Sin abin da aka nuna masa a talla ya zo nema, wato faɗan ruwa mafi girma a duniya. Hukumar da ta yi tallan ba ta da bakin da za ta yi mamaki in ya zo ya yi faɗan.

Abu na biyu da masu ɗora wa baƙi laifi ba sa son ji shi ne, hayaniyar nan 'yar gida ce. Jiƙa juna a titi ya daɗe a arewacin ƙasar, kuma ana yin irinsa a Myanmar da Laos da Kambodiya, inda baƙin ba su kai na Tailan yawa ba. Motocin a-kori-kura da ke zagaya gari ɗauke da durom na ruwa da matasa goma a baya, na 'yan ƙasa ne. Farar ƙasar da ake damawa a shafa wa mutane a fuska, wadda asalinta alamar albarka ce amma ta zama hanyar taɓa jikin mata, ba Bature ne ya kawo ta ba. Abin kunyar da ya fi tayar da ƙura a tarihin bikin na baya-bayan nan ya faru ne a 2011, lokacin da wasu 'yan mata uku suka tuɓe riga suka yi rawa a titin Silom. 'Yan ƙasa ne, ƙananan yara ma, aka ci su tarar baht 500 kowacce. Ma'aikatar al'adu ta yi ta kumfar baki, sai mutane suka nuna mata cewa a shafinta na intanet akwai zanen 'yan matan Songkran na tatsuniya, su ma ƙirji a buɗe. Shiru-shiru aka sauke zanen. A 2016 kuwa, a garin Hua Hin, wasu 'yan ƙasa ne suka lakaɗa wa wani dattijo ɗan Birtaniya da matarsa da ɗansu duka cikin dare lokacin bikin, kyamarar titi ta ɗauka, duniya ta gani.

Sannan ga mutuwa. Hukumomin Tailan da kansu suke kiran makon bikin kwanaki bakwai masu haɗari. A 2016 mutum 442 suka mutu a haɗurran hanya cikin wannan makon, a 2018 aka samu 418, a 2024 adadin ya sauko zuwa 287. Akasarin haɗurran na babura ne, dalilan da ake bayarwa kowace shekara su ne gudu da maye, kuma mafi yawan gawarwakin na 'yan ƙasa ne, can a hanyoyin larduna, ba a titin Khao San ba. Abin ma da ya fi ɗaure kai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa hanyoyin Tailan na cin rai sama da 22,000 a shekara, kusan 60 ke nan a kullum. Hanyar ƙidayar ta bambanta, amma ko yaya aka juya lissafin, makon Songkran bai yi wa sauran makonni wata tazarar kirki ba. Ciwon na shekara ne, a Afrilu ne kawai ake haska masa fitila. Ko an hana kowane baƙo shiga ƙasar, saurayin ƙauyen da ya bugu ya hau babur ba hular kwano zai hau abinsa.

Inda na fi ganin rashin gaskiyar hukuma shi ne kan batun mata. Wata gidauniyar kare haƙƙin mata ta ƙasar ta sha yin binciken jin ra'ayi, kuma fiye da rabin matan da ta tambaya sun ce an taɓa cin zarafinsu a wurin wasan ruwa, ko dai a shafa su, ko a rungume su, ko a matse su cikin cunkoso. Me aka yi? A 2018 wani babban jami'i, Sutthipong Chulcharoen, ya shawarci mata su guji shigar da ke nuna jiki don kada a taɓa su. Cindy Bishop, fitacciyar mai gabatar da shiri a talabijin, ta fito ta ce ita ma an taɓa yi mata haka a Songkran alhali tana sanye da riga mai yalwa, daga nan aka fara gangamin da ke cewa kada a faɗa wa mace yadda za ta yi shiga. Ni a ganina kamun kai a sutura abu ne mai kyau, kuma mutanen Tailan suna da haƙƙin su ce ba sa son tsiraici a titunansu. Amma wannan magana daban, hannun da ya kai jikin 'yar mutane daban. Kama mai hannun aiki ne, yana buƙatar ɗan sanda a cikin taro da shaida da kotu. Yi wa mata wa'azi kuwa kyauta ne, haka ma zagin baƙi. Shi ya sa ake yawan yin biyun.

Kada a ɗauka ina goyon bayan masu cewa a koma kan kwano da furen yasmin kawai. Wannan mafarkin mutanen da ke da na'urar sanyaya ɗaki ne. A ƙasar da zafin Afrilu ke kusantar digiri 40, lebura da maɗinki da 'yar aikin masana'anta suna da kwana uku a shekara da za su jiƙa shugabansu a titi su yi dariya, ba wanda zai ce don me. Suna da kalma ta musamman, sanuk, wato daɗin da ake ji a cikin abu, kuma ba sa raina ta. Ga mai sayar da ƙanƙara, da mai jakar leda ta saka waya, da mai tuyar kaza a bakin titi, waɗanda cinikin makon nan ke biya musu kuɗin makarantar yara a watan Mayu. Wasan ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce wanda bai shiga wasa ba a tilasta masa: ma'aikaciyar asibiti da za ta karɓi aikin yamma, tsohon da ya fito sayen magani, ɗan acaɓan da ruwan ƙanƙara zai iya kayar da shi a ƙarƙashin bas.

Kuma an riga an ga abin da ke aiki. A birnin Khon Kaen da ke arewa maso gabas akwai titin da ake kira Khao Niao, wato titin shinkafa mai danƙo (shi ma Khao San ma'anarsa shinkafar da aka surfa, don kasuwar shinkafa ce a da, abin da ba zai ba mu mamaki ba mu da muka san ƙasar ta bakin buhu). Shekaru da dama ke nan ana rufe titin ga motoci, a hana giya, a sa lokacin tashi, kuma taron bai ragu ba, dubun dubatar mutane ke cika shi. Akwai ma wata gidauniyar lafiya ta gwamnati da aka kafa a 2001, wadda ke samun kuɗinta daga ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan harajin giya da taba, tana tallafa wa irin waɗannan wurare. Wuri a keɓe, lokaci a yanke, kwalba a waje. Wanda ya shiga ya yarda a jiƙa shi, wanda bai shiga ba a bar shi ya wuce. Baƙo ma yakan bi doka in ya ga shinge da ɗan sanda da 'yan gari suna bi.

Abin da ya rage shi ne ƙarfin hali, kuma a nan ake samun cikas. A Afrilun 2017 gwamnatin soja ta Prayut Chan-o-cha, wadda ba ta saba jin tsoron kowa ba, ta hana zama a bayan a-kori-kura. Kwana biyu ba a yi ba jama'a suka yi ca, ta janye. Shekara guda kafin nan, dabarar da aka fito da ita ita ce tura direbobin da aka kama cikin maye su yi aiki a ɗakin ajiye gawa, abin da ya fi kyau da kanun jarida. Amma shekaru biyun korona sun nuna cewa in hukuma ta so, tana iya tsayar da ruwa a titi cak. Ba wanda ke neman a sake yin haka. Ana neman kaɗan ne daga wannan ƙarfin a Pattaya, inda wasan kan ja har 19 ga wata, da Chiang Mai, inda ake ɗebo ruwan ramin tsohuwar ganuwa a watsa wa mutane a ido da kunne.

Mu ma ya kamata mu saurara, tunda Hawan Sallar Kano ya shiga wannan jerin na UNESCO a Disambar 2024, shekara guda bayan Songkran, kuma mun san yadda 'yan daba kan raɓe a bayan dawaki. Ranar da za a fara tallata shi ga duniya, hoton da aka zaɓa shi zai zaɓo irin baƙon da zai zo.

Ga Tailan, in da gaske ake, gyaran ba daga titin Khao San zai fara ba. Daga ofishin hukumar yawon buɗe ido zai fara, inda ake zaɓen bidiyon da za a watsa wa duniya a watan Maris, sannan filin jirgin Suvarnabhumi na Bankok, inda jami'in da ke buga wa baƙo hatimi zai iya miƙa masa 'yar takarda mai layi biyar, a cikin harshensa, da tarar kowane laifi rubuce a gefe.