Ba duk farin kurege ne zabiya ba

Ranar da na fara ganin farin kurege a nan Amurka wallahi na ɗauka kyanwar wani ce ta hau bishiya, sai da ya zauna ya riƙe abu da hannu biyu yana gwaguya sannan na gane. Kuregen da na sani tun ina yaro kalar ƙasa ne, in ya lafe sai ka kusa taka shi, wannan kuwa fari fat kamar auduga. Nan take na ce zabiya ne. Da na matsa sai na ga idonsa baƙi ƙirin, ashe na yi kuskure.

Bambancin a ido yake. Zabiya jikinsa ba ya iya yin sinadarin melanin, wanda ke ba fata da gashi da ido kala, ko kaɗan, shi ya sa idonsa ke yin ja-ja, jinin cikin idon ne kake hangowa, kuma sai ya gaji abin daga uwa da uba duka biyu. Farin da ba zabiya ba kuma gashi ne kawai ya rasa kala, ido lafiya lau. Akwai garuruwa biyu a nan da suka yi suna a kan wannan. Olney a jihar Illinois nasu zabiyoyi ne na gaske, duk watan Oktoba mutanen gari ke fita su ƙirga su, har doka aka yi cewa kurege ke da hanya, mai mota ya jira. Brevard kuma a North Carolina nasu farare ne kawai masu baƙin ido, da yawa ma da ɗan duhu a ka da layi a gadon baya, tun 1986 hukumar garin ta hana a taɓa su, biki guda ake yi musu duk shekara. Da farko dariya abin ya ba ni, wai kurege da doka!

Amma da na zauna na yi tunani sai na ga suna da hujja, don farin nan da ke burge mu shi kuregen wahala ce gare shi, shaho daga nesa yake tsinto shi, zabiyan kuma ga raunin gani ga zafin rana. Wani gwaggon biri zabiya na gidan zu na Basalona a ƙasar Sifen, wanda aka kamo a Equatorial Guinea a 1966, kansar fata ce ta kama shi har ya mutu a 2003.

Inda ni dai ban yarda ba shi ne masu kiwon farar damisa mai zane don a zo kallo a biya kuɗi. Ita ma fa ba zabiya ba ce, idonta shuɗi ne ga zanenta nan a jiki. Yawancin waɗanda ke keji jikokin wani namiji ne da aka kama a Rewa ta Indiya a 1951, aka haɗa shi da 'yarsa don kada farin ya ɓace, aka yi ta barbarar dangi da dangi, yanzu ana haifar su da harɗaɗɗen ido, wasu da karkataccen ƙashin baya. Mutanen Olney aƙalla ba su ƙirƙiri komai ba, kuregensu yana kan bishiyarsa yana harkarsa, su dai nasu taka birki ne in ya zo tsallaka titi.